Jitar Bes a Garwa: Gyaran Wuya, Danne Tsirkiya da Ɗaukar Sauti

A cikin ƙasashen Afirka da wuya a sami wadda sunanta ya manne da jitar bes kamar Kamaru, domin tun daga shekarun 1970 take fitar da makaɗan da manyan mawaƙan Turai da Amurka suke nema su tsaya musu a baya. Jean Dikoto Mandengue ya yi aiki da Claude François a Faransa, ya kuma kaɗa wa ƙungiyar Osibisa. Aladji Touré yana cikin 'yan makaɗan da suka riƙe faya-fayan makosa a situdiyoyin Faris cikin shekarun 1980, shi da Toto Guillaume. Armand Sabal-Lecco ya kaɗa wa Paul Simon a farkon shekarun 1990. Étienne Mbappé, haifaffen Duwala a 1964, ya yi zama da Joe Zawinul da John McLaughlin. Shi kuwa Richard Bona, wanda aka haifa a garin Minta a 1967, ya kai inda ake lissafa shi cikin gwanayen wannan kayan kiɗa a duniya baki ɗaya. Sai dai a kudu wannan gwaninta ta yi saiwa, a Duwala da Yawunde, inda iska take da laima kusan duk shekara, inda kuma kiɗan makosa da na bikutsi suka riga suka ware wa bes wurin zama. Makaɗin da yake zaune a Garwa ko Marwa ko Ngaundare yana riƙe da jita irin tasu, amma iskar da katakonta yake sha daban ce, wutar da yake jona ta a ciki tana da nata hali, kiɗan da zai shiga cikinsa ma ba irin nasu ba ne, saboda haka tambayar yadda ake gyara bes da yadda ake kaɗa ta tana bukatar amsa irin ta arewa.

Garwa, babban birnin Yankin Arewa da ke bakin kogin Binuwai, gari ne da Fulatanci yake harshen kasuwa, Hausa kuma take da unguwanninta da fatakenta da makaɗanta, kuma kunnen mutanen garin ya ginu ne a kan ganga da kalangu da algaita da goge da garaya da molo da kiɗan ƙwarya. Shigar kayan kiɗan lantarki cikin wannan gado ta daɗe, tun da Ali Baba, ɗan Garwa da ya rasu a 1989, ya ɗora kaɗe-kaɗen arewa a kan kayan zamani, daga baya kuma ƙungiyar Faadah Kawtal da mawaƙinta Isnebo suka fito da waƙoƙin Fulatanci a irin wannan tsari har kudu ta san su. Amma abin da ya fi yawa a ƙananan situdiyoyin yau, a arewacin Kamaru kamar yadda yake a Kano da Yola, shi ne fiyano da kwamfuta, inda hannun hagu na mai fiyano yake fitar da sauti mai kauri, a huta da neman makaɗin bes da biyansa. Fiyano tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wato sautinta yana farawa a inda aka danna, ya tsaya cak a inda aka ɗaga yatsa. Jitar bes ba ta yin haka da kanta, kuma muddin makaɗi bai iya tsayar da tsirkiyarsa ba, mai situdiyo yana da hujjar fifita fiyano a kansa. Don haka gyaran jita da ɗaukar sautinta, waɗanda aka saba bar wa mai gyara da injiniya, duka hidima suke yi wa abu guda, wato ikon makaɗi a kan farkon sauti da ƙarshensa.

Jitar bes ta lantarki ta bazu ne daga 1951, lokacin da kamfanin Leo Fender na Kalifoniya ya fito da samfurin Precision, ya kuma biyo da samfurin Jazz a 1960, kuma akasarin waɗanda ake samu a kasuwa, na asali da na kwaikwayo, a kan waɗannan biyun aka tsara su. Tana da tsirkiyoyi huɗu na ƙarfe, waɗanda makaɗan Kamaru suke kira Mi da La da Re da Sol, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Tsirkiyar Mi tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya, La sau 55, Re sau 73, Sol sau 98, kuma wannan adadin kaɗawa a daƙiƙa shi ake kira haz. Idan an ƙara tsirkiya ta biyar, wato Si, ana sauka har haz 31, ba nesa da iyakar jin ɗan Adam da ke wajen haz 20 ba. Tsawon ɓangaren tsirkiyar da yake kaɗawa, daga kan wuya zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiya take zaune a kai a jikin jita, santimita 86 ne da ɗoriya. A kan wuyan an kakkafa siraran ƙarafa a gicciye, waɗanda za a kira matakai a nan domin kowanne yana ɗaga sauti mataki guda. A ƙarƙashin tsirkiyoyi kuma akwai maɗaukan sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, waɗanda suke mayar da motsin tsirkiya ɗan ƙaramin lantarki da amfilifaya za ta ƙarfafa.

Tsirkiyoyin nan huɗu, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 80, kuma abin da yake hana katakon lanƙwashewa shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa daga kai zuwa gindi, mai noti a baki ɗaya da ake ɗaurewa ko a sassauta. Daidaiton da ke tsakanin jan tsirkiya da turjiyar sandar ba ya dawwama, saboda katako yana shan laima ya kumbura, yana bushewa ya tsuke. Masu ƙera kayan kiɗa suna son iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da Garwa ba ta samu sai a ɗan tsakanin sauyin yanayi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. A Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40 ko ya wuce. Sannan damina ta sauka, zuwa Agusta iska ta cika da ruwa. Jitar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala, garin da ruwan samansa ya haura milimita 3,500 a shekara, ta hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, ta ƙarasa Garwa a mota cikin watan Janairu, ta yi tafiyar da katakonta zai ɗauki makonni yana amsawa. Alamar farko da hannu yake ji ita ce bakunan matakai sun leƙo a gefen wuya suna kartar yatsu, domin katako ya tsuke ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, kuma maganinsa shi ne a goge bakunan da ƙaramin magagari a tsakiyar hunturu, lokacin da suka fi fitowa, aikin da yawanci sau ɗaya ake yinsa. Alama ta biyu ita ce lanƙwasar wuyan ta sauya, sau da yawa ta ƙaru da rani ta ragu da damina, ko da yake kowane wuya da halinsa, shi ya sa ake dogara da awo.

Awon ba ya bukatar kaya masu tsada. Ana saita tsirkiyoyi tukuna, a rungumi jitar kamar za a kaɗa, domin idan an kwantar da ita a tebur nauyin wuyan yana ɓata lissafi. Sai wani ya danne tsirkiyar Mi a mataki na farko, makaɗi ya danne ta a mataki na ƙarshe, ta yadda tsirkiyar kanta ta zama miƙaƙƙen layi, a duba tazarar da ke tsakanin ƙasanta da saman mataki na takwas. Tazarar da ake nema kimanin kashi uku cikin goma na milimita ce, kuma siraran ƙarafan awo da makanikan babur suke gwada bakin fulogi da su suna yin wannan aiki daidai. Idan tazarar ta yi yawa, tsirkiya tana yi wa yatsu nisa a tsakiyar wuya, sai a ɗaure notin sandar. Idan babu tazara sam, tsirkiya tana gogar matakan farko tana ziza, sai a sassauta shi. Ba a juya notin fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, sannan a sake saiti, a bar katako ya yi wasu sa'o'i ko ya kwana, a sake aunawa. Akwai wani tarko da ya kamata a sani, wato jitocin da aka ƙera a Amurka notinsu na awon inci ne, waɗanda aka ƙera a Asiya kuma yawanci na milimita, kuma makulli mai kusurwa shida da bai cika ramin ba yana cinye bakin notin har ya daina kamuwa. Notin da ya ƙi motsi ba a tilasta masa, domin karyewar sanda a cikin wuya asara ce da gyaranta kan fi kuɗin jitar kwaikwayo.

Sai an gama da wuya ake taɓa jaki, tun da duk canjin lanƙwasa yana sauya tsayin tsirkiya. A mataki na 12, tazarar milimita biyu da rabi a ƙarƙashin Mi da milimita biyu a ƙarƙashin Sol mafari ne mai kyau, mai nauyin hannu ya ƙara kaɗan, mai sauƙin hannu ya rage. Maɗaukan sauti ana nisanta su da tsirkiya kimanin milimita uku a wajen Mi da biyu a wajen Sol, idan an danne mataki na ƙarshe, domin in sun matso da yawa maganaɗisun yana jan tsirkiya ya sa sautinta rawa. Abu na ƙarshe shi ne gaskiyar matakai. Mataki na 12 yana tsakiyar tsirkiya, don haka dole ya ba da sautin buɗaɗɗiyar tsirkiya a ninki biyu. Idan na'urar saiti ta nuna ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya don a ƙara mata tsawo, idan ya gaza a turo shi gaba. Wannan yana da nauyi musamman a inda bes take tafiya da fiyano, wadda saitinta ba ya motsi. A yanayin Garwa ya dace a bi wannan jeri duka sau biyu a shekara, a Disamba bayan hunturu ya zauna, da Yuli bayan damina ta kankama.

Tsirkiya iri biyu ce, mai kaushi wadda aka naɗe da zagayayyiyar waya, irin wadda kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa daga 1966, da mai santsi wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiyar waya. Mai kaushi tana da kaifi da dogon amo, amma ramukan naɗinta suna tara gumi da ƙurar hunturu, ta dushe cikin 'yan makonni a hannun mai yawan zufa. Goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa yana ƙara mata kwana, tafasa ta a ruwa kuma yana dawo da kaifinta na ɗan lokaci kawai. An san Étienne Mbappé da kaɗawa sanye da safar hannu ta siliki, wadda take raba gumi da ƙarfe. Mai santsi kuwa tana yin shekaru, ba ta kuka idan yatsa ya zame a kanta, amonta kuma gajere ne, kuma a wurin da sabuwar tsirkiya sai an yi saƙo daga Duwala ko Nijeriya, waɗannan dalilai ne masu ƙarfi. Ita jitar kanta a cikin akwatinta take kwana, nesa da rana da bayan mota, tare da ɗan soso mai danshi a cikin gidan sabulu mai huji idan hunturu ya tsananta.

Batun danne tsirkiya, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar, yana farawa ne daga yadda tsirkiya take kaɗawa. Kowace tsirkiya tana fitar da sauti mafi kauri, wanda za a kira uwar sauti, tare da wasu ƙananan sautuka a ninki biyu da uku da huɗu na uwar, waɗanda za a kira 'ya'yan sauti. Ninki uku na La haz 165 ne, ninki huɗu na Mi ma kusan haz 165 ne, saboda haka duk lokacin da aka kaɗa La, tsirkiyar Mi tana amsawa da kanta ba tare da an taɓa ta ba, kuma haka abin yake tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta. A ɗakin gwaji makaɗi ba ya lura, domin ƙarar ganguna tana rufe shi, amma a ɗauka wannan amo yana taruwa a ƙarƙashin kiɗa ya dagula shi, kuma babu na'urar tace sauti da za ta cire shi, tun da yana zaune ne a daidai inda sautin da ake so yake. Ke nan makaɗin da yake kaɗa tsirkiya ɗaya yana da uku da zai riƙe a kowane lokaci.

An raba wannan aiki tsakanin hannaye biyu, hannun dama ya kula da tsirkiyoyin da suka fi wadda ake kaɗawa kauri, hannun hagu ya kula da waɗanda suka fi ta siranta. Manuniya da ɗan tsakiya na dama suna karɓa-karɓa, kuma kowane yatsa idan ya ja tsirkiya sai ya sauka a kan maƙwabciyarta mai kauri ya tsayar da ita. Babban yatsa kuma yana tafiya: yana kan maɗaukin sauti idan ana kaɗa Mi, ya sauko kan Mi idan an koma La ko Re, idan an kai Sol ya zauna a kan La yana jingine da Mi ta bayansa. Masu tsirkiya biyar sun fi samun sauƙi idan suka kwantar da babban yatsan a gicciye yana shawagi a kan dukkan masu kaurin, domin tsirkiyar Si ta fi kowace saurin amsawa. A hannun hagu, manuniya tana kwanciya a miƙe, cikinta yana shafar siraran tsirkiyoyi ba tare da ya danne su ba. Tsayar da sauti kuwa ana yinsa ne da sassauta dannawa ba tare da an ɗaga yatsa daga tsirkiya ba, kuma a nan akwai abin kiyayewa: yatsa ɗaya da ya shafi tsirkiya a kan mataki na 5 ko na 7 ko na 12 ba ya kashe ta, yana fitar da siririn ɗan sauti ne mai ƙara, saboda waɗannan wurare su ne mararrabar 'ya'yan sauti, don haka da yatsu biyu ko uku ake tsayarwa.

Akwai kuma danniya ta dindindin da ake yi da abu mai laushi a gindin jaki. James Jamerson, wanda ya kaɗa a kan ɗimbin faya-fayan kamfanin Motown na Detroit cikin shekarun 1960, da Precision mai tsirkiya mai santsi da soso a jaki ya yi aikinsa. Kamaru ma tana da nata tarihi a wannan fanni, kuma yana da ƙafa a arewa: ƙungiyar Los Camaroes, wadda ta taso daga Marwa a ƙarshen shekarun 1960 kafin ta gangara Yawunde, ita ce ta Messi Martin, makaɗin da ya sa abu mai laushi a tsakanin tsirkiyoyin jitarsa don ta yi gajeren sauti irin na balafon, kayan kiɗan katako na mutanen kudu, dabarar da ta zama tushen bikutsi na lantarki, wadda Zanzibar na ƙungiyar Les Têtes Brûlées ya ci gaba da ita da soso cikin shekarun 1980. A kan bes, ana yanka soso mai faɗin yatsa biyu a tura shi ƙarƙashin tsirkiyoyi manne da jaki, kaurinsa ya isa ya taɓa su ba tare da ya ɗaga su ba, domin in ya matse da yawa yana haurar da saiti. Wanda ba ya son ya ɗaure kansa da soso har ƙarshen waƙa yana iya ɗora gefen tafin hannunsa a kan jaki ya kaɗa da babban yatsa, ya ɗaga a inda yake bukatar dogon amo.

Amfanin duk wannan yana fitowa ne idan bes ta shiga kiɗan arewa. Ƙwaryar da aka kifa, idan aka buge ta da dunƙulen hannu, da babbar ganga, duka suna zaune ne a yankin sauti mai kauri, kalangu kuma yana hawa yana sauka gwargwadon matsar da makaɗi yake yi wa tsirkiyoyin gefensa, saboda haka bes ba fili ta tarar ba. Dogon amon da ya ratsa bugun ƙwarya biyu yana shafe su duka biyun. Gajeren sautin da ya faɗi tare da bugu ya ƙare kafin na gaba yana ƙara masa nauyi, wanda kuma ya faɗi a giɓin da ke tsakanin bugu biyu yana zama amsa. Waƙar Hausa ta ginu a kan gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, Fulatanci ma yana rarrabe dogon wasali da gajere, don haka makaɗin da yake iya auna tsawon sautinsa yana iya bin karin mawaƙi gaɓa da gaɓa, kuma wannan wuri ne da hannun ɗan Adam ya fi shirin kwamfuta. Yawancin waƙoƙin gargajiyar yankin a kan sautuka biyar suke tafiya, suna kewaya mazauni ɗaya, shi ya sa salon makosa mai yawan zirga-zirga a wuya, duk da kyansa a muhallinsa, yakan shigo da sautukan da mawaƙi bai san da su ba. Ya fi dacewa makaɗin bes na Garwa ya saurari mai garaya da mai molo, yadda suke maimaita gajeren zagaye suna canja masa ado kaɗan-kaɗan, ya kuma riƙe mataccen bugu, wato kaɗa tsirkiyar da hagu ya riga ya shafe, wadda take ba da ƙwas babu amo, domin shi ne yake haɗa bes da ganguna.

A wajen ɗauka, matsalar farko daga bango take fitowa. Wutar arewacin Kamaru, wadda madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982 ta daɗe tana ɗauke da nauyinta, bolt 220 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maɗaukin sauti yana tsintar wannan juyi ya zama ƙugi. Sol ɗin da ke mataki na uku na tsirkiyar Mi haz 49 ne, saboda haka idan ƙugin ya yi ƙarfi, wannan sauti yakan yi ta kumbura yana lafawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, makaɗi ya zargi tsirkiyarsa alhali laifin na wuta ne. Maɗaukin Precision, tun daga 1957, an raba shi gida biyu masu soke ƙugin juna. A samfurin Jazz kuwa sai an buɗe maɗaukan biyu daidai wa daida suke sokewa. Nisantar fanka da doguwar fitila da cajar waya da sitabilaiza, da juya jiki a hankali har a sami fuskar da ƙugin ya ragu, da cire cajar kwamfuta a ɗauka da batirinta, suna magance mafi yawansa. Hanya mafi tsabta ita ce a bi ta akwatin DI, ƙaramar na'ura da take mayar da raunanan lantarkin jita wanda zai yi tafiya mai nisa a waya ba tare da ya kwashi hayaniya ba, kuma tana da maɓallin raba wayar ƙasa ta ɓangaren sauti. Wayar ƙasa ta filogin amfilifaya kuwa ba a yanke ta ko da ƙugin zai tafi, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta jaki, kuma makirufo mara wayar ƙasa ne ya kashe makaɗi Les Harvey a kan dandamali a Swansea a 1972.

Matsala ta biyu ɗakin ne. Igiyar sautin Mi ta fi mita takwas tsawo, kuma ɗakin siminti mai faɗin mita uku yana kumbura sautin da ke wajen haz 57, dab da La, mai mita huɗu kuma wajen haz 43, dab da Mi, ta yadda wani sauti zai cika ɗaki wani ya ɓace alhali hannu ɗaya ne ya kaɗa su. Kwalin ƙwai da siririn soso da ake mannawa a bango ba sa taɓa sauti mai wannan kauri, don haka hukunci a kan bes a irin wannan ɗaki da abin ji na kunne mai kyau ake yinsa, tare da duban ma'aunin kwamfuta. Sannan a tuna da inda waƙar za ta ƙare, wato a wayar hannu, ta WhatsApp ko katin memori, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da uwar sautin bes ko kaɗan. Abin da mai sauraro yake ji 'ya'yan sauti ne, ƙwaƙwalwarsa ta cike uwar da kanta, saboda haka ƙara kauri ba ya sa a ji bes a waya; ɗan ɗagi a tsakanin haz 700 da 1,000, ko kaɗawa kusa da jaki, shi yake fito da ita, kuma a nan ne tsirkiya mai kaushi take rama abin da mai santsi ta fi ta. Na'urar matse sauti, wadda take rage tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai rauni, ana saita ta a wajen huɗu bisa ɗaya, amma ya kamata a san cewa tana ɗago duk abin da yake ƙasa-ƙasa, har da amon tsirkiyar da ba a danne ba.

Kiɗan fili, na biki ko na taro, yana juya lissafin. Babu bangon da zai dawo da kauri, sauti kuma yana raguwa sosai duk lokacin da nisa ya ninka, sai makaɗi ya ji kamar ba a jinsa ya murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, amfilifaya ta shaƙe, lasifika ta fara karkarwa. Abin da ya fi shi ne a aika sauti ta akwatin DI zuwa mikisa domin manyan lasifikoki su ɗauki nauyin jama'a, amfilifayar makaɗi ta zama abin jin kansa kawai, a ɗaga ta kan kujera tana fuskantar kunnensa. Ƙaramin janareta yakan durƙusa idan amfilifaya ta ja wuta a kan sauti mai kauri, don haka a raba layin kayan sauti da na firiji da fitilu, a sa sitabilaiza, a ajiye amfilifaya a inuwa inda iska take ratsa bayanta, domin zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta kashe kanta. Tsirkiyar da aka saita da la'asar takan motsa bayan magariba idan gari ya huce, sai an sake dubawa. Jita mai batirin bolt tara a ciki kuma tana cin batirin muddin waya tana jone da ita. Ƙarar dandamali tana tayar da buɗaɗɗun tsirkiyoyi fiye da yadda ɗaki yake yi, shi ya sa ake rufe maɓallin ƙarar jita tsakanin waƙa da waƙa da lokacin da maroƙi ko mai gabatarwa ya karɓi makirufo. A gwajin sauti kafin taro, mai kalangu da mai ganga da mai ƙwarya su ne suke fara kaɗawa, a daidaita su, sannan a shigo da bes a hankali daga ƙasa, wani daga cikin ƙungiya yana tsaye a tsakiyar inda jama'a za su zauna yana ba da alama, domin abin da makaɗi yake ji a gaban amfilifayarsa ya bambanta da abin da yake isa mita ashirin daga dandamali.